Wa Ke Ɗan Gida? Tarihin Shiga Ƙungiya Daga Maƙerar Adar Zuwa Zangon Kurmi



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan karo wata gardama ce da ta tashi a taron ƙungiyarmu ta ɗaliban Madawa, Buza da Keita mazauna Yamai. Waɗanda suka halarta sun san zancen, waɗanda ba su zo ba ga shi a taƙaice. Lokacin sabunta biro ya yi, sai wani abokinmu ya ɗaga hannu yana neman kujerar ma'aji. Mahaifinsa mutumin wani ƙauye ne na ƙasar Keita, ya tafi Abijan biɗa tun yana saurayi, can ya yi aure, can aka haifi yaron. Shekararsa biyu tare da mu bai taɓa fashin kotizasiyo ba. Ranar da ɗayanmu ya kwanta asibiti, shi ya yi kwana uku bisa tabarma a bakin gadonsa. Amma yana miƙewa sai wani daga baya ya ce: "Wanga yaro Abijan anka haihe shi, ko Adaranci bai iya ba, ƙaƙa za mu ba shi kuɗɗinmu shi riƙe?" Wasu suka yi dariya, wasu suka harzuƙa, aka ɗage zaɓe.

Aka ɗauko takardar ƙa'idojinmu, wadda da Faransanci aka rubuta ta. Ta ce ɗan ƙungiya shi ne duk wani "ressortissant" na gundumomin nan uku. Shugaba ya dube ni ya ce tunda harshe nake karantawa, in fassara wa jama'a. Wallahi na kasa. In na ce haifaffe, abokinmu ya fita. In na ce ɗan asali, ya shigo, amma ɗiyar wani malamin lakwal da aka haifa a Buza, iyayenta kuwa mutanen Doso, ta fita. In na ce mazauni, dukanmu mun fita, tunda Yamai muke zaune. Muna cikin haka wani ya ce: "Ku dubi Shinuwa, su ba su wannan shirme, ko'ina sunka tahi kansu haɗe yake." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na bi sawun tambayar cikin tarihi: a ƙasarmu, da wajen ƴan'uwanmu na kurmi, da wajen Shinuwan da ake ba mu misali da su, da me ake zama ɗan ƙungiya, kuma wa ke riƙe ta?

Gado da haye

Tun kafin Nasara ya zo, masu sana'a a ƙasar Hausa suna da tsarinsu. Kowace sana'a da sarkinta: sarkin maƙera, sarkin fawa, sarkin aska, sarkin dillalai. Sarkin gari ne ke naɗa masa rawani, amma daga cikin gidan sana'ar ake ɗauko shi. Shi ke tattara abin da sana'ar za ta kai fada, shi ke raba aikin sarki in ya taso, shi ke sasanta rigima tsakanin ƴan sana'a, kuma baƙon maƙeri ko mahauci in ya sauka gari, wurinsa zai fara kai gaisuwa kafin ya hura wuta ko ya ɗaga wuƙa.

Ƙa'idar shiga ɗaya ce, gado. Ɗan maƙeri maƙeri ne. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta daɗe tana aiki cikin Adar tun shekarun 1960, ta yi rubutu kan maƙeranmu, har ta ɗauki fim na yadda suke narka tama su fitar da ƙarfe. Wannan sani ba a kasuwa ake sayen sa ba. Yaro yana fara shi da zuga a gaban ubansa, sirrin wuta kuma a cikin gida yake tsayawa.

To amma harshe yana tona asirin abin da ƙa'ida ta ɓoye. Da a ce ba mai shiga sana'a sai magaji, da Hausa ba ta da kalmar haye ko shigege. Ana ce wa mutum ɗan haye ne don akwai shi, yana nan cikin rumfa yana aiki. Ana yi masa gori, ba a naɗa shi sarauta, amma ba a kore shi ba, jikansa kuwa ba mai tuna cewa kakansa haye ya yi. Ke nan gadon yau hayen jiya ne da ya kwana biyu.

Ita kanta Adar haka take. Wanda ya karanta littafin Farfesa Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, mutumin da jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yanzu, ya san ƙasar nan mahaɗa ce. Akwai Azna da aka tarar, akwai Agabba ɗan sarkin Agadas da ya kafa mulki wajen ƙarshen ƙarni na 17, akwai Lisawan da sarautar Keita ke hannunsu, akwai Kel Geres, akwai Gobirawan Tudu a Madawa, akwai Fulani. In haihuwa ce ma'auni, daga wane kaka za mu fara ƙirga?

Zango da lamuni

Da Bahaushe ya fita fatauci, gado ya daina isa, don a bakin hanyar Gwanja ba wanda ya san ubanka. Nan aka samu wani tsari, na zango da maigida.

Misalin da aka fi sani shi ne unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinta a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969. Mutanen unguwar a lokacin dubu huɗu ne da ɗoriya, amma cinikin shanun da ke gangarowa daga arewa da na goron da ke haurawa yana hannunsu. Ga yadda abin ke tafiya. Mai shanu ya taso daga arewa, ya sauka gidan maigidansa. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya sa dillalansa su sayar wa mahautan Yarabawa bashi. Ba takarda, ba sa hannu. In mahauci ya ci kuɗi, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don shi ya yi lamuni, mahaucin kuma ba ya ƙara samun sa a kara sai ya biya. A saman masu gida akwai Sarkin Hausawa, mai shari'a tsakaninsu, mai magana da hukuma da yawunsu. Wajen 1952, da siyasar neman ƴanci ta fara raunana kariyar da unguwar ke samu wajen Turawa, mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya gaba ɗaya, suka ware masallacin Juma'arsu. Sahun salla ya zama wani rajista: wanda ake gani kullum an san shi, wanda ya ɓace an san ya ɓace.

Sabo tana da ƙofa, ba kowa ke faɗawa ba. Sai kana jin Hausa, kana salla, kana da maigidan da zai ce "yarona ne". Amma ku lura, ƴaƴan da aka haifa a Sabo, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Katsina ba, su ne ƴan gida, wanda ya sauko daga arewa jiya shi ne baƙo. Haka abin yake a zangon Kumasi, haka a Sabon Zango na Ankara da Malam Baƙo ya kafa farkon ƙarni na 20.

Wannan ba labarin wasu ba ne, iyayenmu ne. Albasar da ake nomawa a kwarin Tarka da Majiya da fadamun Tamaske, irin nan ɗan Galmi, ta wannan hanya take isa kasuwar Katako a Yamai, da Abijan, da Ankara. Manomi a Madawa yana ɗora buhu a mota, bai riƙe komi ba sai sunan maigida da lambar tarho. Fita ta yi yawa a ƙasarmu har lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya, mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutse suka tare zaizaya mata ne, don maza suna kurmi. Kuma duk lokacin da ƙasar baƙunci ta juya baya, kamar korar baƙi ta Gana a 1969 zamanin Busiya, ko ta Najeriya a 1983 zamanin Shagari, ko yaƙin Libiya na 2011, gidan maigida da asusun ƴan gari ake fara rugawa.

Kada in yi wa zango kwalliyar da ba tasa ba. Tsari ne na mai ƙarfi. Yaro yana iya shekara goma yana dako bai san nawa ya tara wurin maigida ba, ba littafin da zai buɗe, ba taron da zai tashi ya yi tambaya. Amana in ta riƙe ta fi takarda, in ta tsinke ba inda za ka kama.

Su Shinuwan fa?

Mu a Nijar Shinuwa muke cewa, daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce Sinawa ko ƴan Caina. Hulɗar jakadanci da Bejin ta fara a 1974, ta yanke a 1992 da Nijar ta koma wajen Taiwan, aka maido ta a 1996. Mun san su da man Agadem, da matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, da gada ta biyu ta Yamai. Amma tun kafin nan suna cikin butarmu: ganyen da muke dafawa a fada daga can yake zuwa, kalmar shayi ma daga harshensu ta taso, ta biyo ta Farisa da Larabci ta iso bakinmu.

Ƙungiyarsu ta zaman baƙunci sunanta hwaigwan, wato gidan taro. Mu Adarawa faɗin sunan ba ya ba mu wuya, tunda masu cewa hwari da hwaɗa ne mu. Da aka gano zinariya a Kalifoniya ta Amurka a 1848, dubban mutane daga lardin Kanton suka tsallaka teku. A birnin San Faransisko, wajen 1851, suka kafa ƙungiyoyi biyu: Sam Yap, ma'ana Gundumomi Uku, da Se Yap, Gundumomi Huɗu. Da na ga sunan farko sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin karatu, na ce ashe Madawa, Buza da Keita muna da takwara.

Ƙa'idarsu ta shiga ita ce gundumar da ka fito da karin harshen da kake yi. Ba cika takarda kake ba, jirgi na tsayawa wakilin gundumarku zai tarbe ka, ya kai ka masauki, a nema maka aiki. In ka yi ciwo su yi jinya, in ka mutu su binne ka, bayan shekaru su tono ƙasusuwan su aika garinku. Asibitin Tung Wah na Hong Kong har gida na musamman ya tanada inda akwatunan ke jira kafin a wuce da su ƙauye. Kuɗin ƙungiya kuwa a bakin fita ake karɓa: sun shirya da kamfanin jiragen ruwa cewa ba a sayar wa mutum tikitin komawa gida sai ya nuna takardar hwaigwan mai shaida ya biya kuɗinta kuma ba a bin sa bashi. A 1882, shekarar da Amurka ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, ƙungiyoyin suka ɗaure kansu cikin babbar inuwa guda da aka fi sani da Kamfanoni Shida, shugabanci kuma karɓa-karɓa tsakanin shugabanninsu.

To, kansu haɗe yake? Ƴan Gundumomi Uku mutanen gefen birni ne, ƴan kasuwa, suna raina karin harshen ƴan Gundumomi Huɗu, waɗanda yawancinsu manoma ne da leburori. A shekarun 1890 rigima ta kai ƴan Huɗu suka ƙaurace wa shagunan ƴan Uku. Ƴaƴan da aka haifa a Amurka kuwa, da suka ga dattawa ba su ɗauke su cikakkun ƴan gida ba, Turawa ma ba su ɗauke su ƴan ƙasa ba, sai suka kafa tasu ƙungiya a 1895. A Singafo, majalisar ƴan kasuwar Sin da aka kafa a 1906 ta riƙa raba kujeru bisa karin harshe, Hokiyen da Kanton da Hakka da sauransu, kowa da rabonsa, ba ta soke wannan tsari ba sai a 1993. Shekara 87 suna kokawa da tambayar da ta ɗage mana zaɓe. Abin da suka fi mu shi ne rubutu: suna da rajista, suna da littafin kuɗi, suna da ƙa'idar da suke iya gyarawa in ta tsufa.

Zamanin takarda da hatimi

Kalmomin da muke taro da su yau, biro, kotizasiyo, sakatare, duk baƙi ne. Sun zo da dokar Faransa ta 1 ga Yuli 1901 kan ƙungiyoyi, wadda ta zama uwar dokokin ƙasashen da ta mallaka. Bayan ƴancin kai gwamnati ta shiga kafa wa talaka ƙungiya da kanta. A 1962 aka kafa UNCC don haɗa manoma cikin koferatif. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da samariya, kowane gari da sarkin samarinsa, ana gayya, ana gina aji, ana wasannin gargajiya. Nan ba a tambayarka ko kana so: kana cikin gari, kana cikin samariya. Ta yi aiki, iyayenmu na ba da labari, amma da yake daga sama aka riƙe ta, da aka yi Taron Ƙasa na 1991 igiyar ta saki, sai ta watse.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, yadda aka rubuta ta a lokacin, ta hana ƙungiyar yanki ko ta ƙabila, har da ta ƴan gunduma ɗaya ko gari ɗaya da ke zaune a wani yanki na ƙasa. Tsoron gwamnatin soja shi ne ɓangaranci. Ke nan irin tamu, a wancan zamani, ba ta da wurin zama a takarda. Mutane dai ba su fasa tara kuɗin kai gawa gida ba, sun yi abinsu cikin zaure ba hatimi. Bayan 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi suka yi ta tsiro, fadojin samari suka cika tituna. Da yawa cikinmu muka kwafi ƙa'idojin wasu da Faransanci, muka canza suna kawai, ba mu tsaya mun tambayi abin da kalmomin ke nufi ba. Haka "ressortissant" ta shigo takardarmu ta kwanta, sai ranar zaɓe ta farka.

A shekarar nan ta 1991 kuma, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya tsiro daga adashin da iyayenmu mata suka sani. Zubi kowane mako, tara ga wadda ta makara, a ƙirga kuɗi a gaban kowa, akwati kuma a kulle, mabuɗai a hannun mata daban da mai ajiyar akwatin. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, amma tsarinsu ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ba su tambayar inda aka binne cibiyar ma'ajiya, sun dai shirya yadda ko wace ce ba ta iya buɗe akwati ita kaɗai.

Mu dawo kan abokinmu

Wanda ya yi maganar nan daga baya ba mugu ba ne, na san shi. Tsoronsa na gaskiya ne: in yaron ya gudu da kuɗi, gidan wa za mu je? A ƙauye an san gidan kowa, kunyar iyaye ita ce jingina. Amma mu tuna, ma'ajin da ya bar mu da asusu wayam shekarun baya haifaffen gida ne, Adarancinsa ba gyara, kuma kunya ce ta hana mu zuwa gidan nasu.

Batun harshe kuwa, nan ne fannina. Adaranci kari ne mai daraja, Bernard Caron ya yi littafi sukutum a kansa a 1991. Ina son in ji an ce "shina zuwa", "munka tahi", "mi kac ce". Amma ɗan Madawa da ɗan Tamaske ma ba baki ɗaya suke magana ba, cikinmu akwai waɗanda Tamajak ko Fulatanci suka sha a nono, mu da muke Yamai kuma rabin zancenmu Faransanci ne da Zabarmanci. Yaron da ya tashi a Abijan ya riƙe Hausa tsakiyar Julanci da Faransanci, ya ƙoƙarta. Kuɗin da ubansa da irinsa suka yi ta aikowa ne suka sayi hatsi a shekarun fari, suka yi wa masallatai rufin kwano, suka biya wa wasunmu kuɗin rajista. Ba mu taɓa cewa kuɗin nan ba su iya Adaranci ba.

Ga shawarata ga babban taro mai zuwa, a gyara ko a ƙi. Na ɗaya, mu rubuta ƙa'idojinmu da Hausa, a karanta su da ƙarfi, kowa ya ji abin da ya yarda da shi. Na biyu, ɗan ƙungiya shi ne wanda aka haifa a gundumomin nan uku, ko ɗaya daga iyayensa ɗan can ne, ko ya yi karatu ko zama a can, in dai mutum biyu cikinmu sun yi masa lamuni kamar yadda maigida ke yi. Na uku, wanda ya cika shekara yana zubi yana zuwa taro, mace ko namiji, yana iya neman kowace kujera. Na huɗu, kuɗi ba su fita sai da hannu biyu ban da na ma'aji, kuma a karanta lissafi kowane wata. Na biyar, shugabanci ya riƙa zagayawa tsakanin Madawa, Buza da Keita, don kada masu yawa su danne marasa yawa.

Da yawanmu in mun gama karatu ba ƙauye za mu koma ba. Wani Agadas, wani Kwatano, wani Abijan ɗin. Ƴaƴanmu can za a haife su, da wani karin harshe a bakinsu, wata rana kuma ɗayansu zai shigo taro irin namu ya ɗaga hannu. Abin da muka rubuta bana shi za a karanta masa.

Abokin namu dai bai yi fushi ba. Ranar Lahadi da ta wuce ya kawo kuɗin watansa, ya zauna inda ya saba zama, har ya karɓi butar shayi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Shi ya taka tasa, saura mu.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Wassalam.